Arthur Ashe (1943-1993): Ɗan Mai Gadin Fili da Ya Zama Zakaran Tanis

Wasan tanis ya daɗe da suna wasan masu hannu da shuni, kuma ba a banza ya sami wannan suna ba. Ƙwallon ƙafa dai, da ƙullin tsumma da duwatsu huɗu yara sun kafa wasa a kowane lungu. Shi kuwa tanis sai da shararren fili mai layi, da raga, da raket, watau mabugin nan mai saƙar igiya, da ƙwallaye masu saurin lalacewa. Filayen kuma galibi a cikin kulob suke, bayan katanga, inda ba a shiga sai da kati. A Amurka ta shekarun 1940 da 1950 akwai wata katanga ta biyu bayan ta kuɗi, watau ta launin fata. Arthur Ashe ya tsallake katangun nan duka biyu, har ya zama baƙar fata namiji na farko da ya ci manyan gasa uku daga cikin huɗu na duniya, watau ta Amurka da ta Ostareliya da ta Wimbledon a Ingila, kuma har yau ba a sami na biyunsa ba a ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya fi kofunan nan damunsa kuwa shi ne yadda za a yi 'ya'yan talakawa su sami raket a hannu, domin ya san cewa shi kansa sa'a ce ta ajiye shi a bakin fili.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Arthur Robert Ashe ran 10 ga Yuli, 1943, a birnin Richmond na Jihar Bajiniya, birnin da ya taɓa zama hedkwatar jihohin kudu da suka yi yaƙin basasa don kada a hana su bauta. Lokacin haihuwarsa doka ta raba komai gida biyu: makaranta, asibiti, kujerar bas, har da wurin wasan yara. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Arthur, ya sami aikin kula da Brook Field, watau babban dandalin wasanni da aka keɓe wa baƙar fata, aka kuma ba shi gida a cikin dandalin. Filayen tanis huɗu ne a wurin, 'yan taku kaɗan daga ƙofar gidan.

Mahaifiyarsa, Mattie, ita ta koya masa karatu tun bai shiga makaranta ba. Ta rasu cikin Maris 1950 sakamakon wata larurar ciki, tana da shekara 27, shi kuma yana da shida. Uban ya ci gaba da riƙon shi da ƙanensa Johnnie da tsanani ƙwarai, har ya auna mintocin da ake ɗauka daga makaranta zuwa gida, ya kafa wa yaron dokar kada ya wuce su. Da yake siriri ne, ba jiki, uban ya hana shi ƙwallon Amurkawa mai kokawa da ture-ture. Saura tanis ke nan.

Yana da shekara bakwai wani ɗalibin jami'a mai suna Ron Charity, wanda ke koyar da tanis a dandalin, ya lura da yaron da ke tsayawa kullum yana kallonsa, ya fara nuna masa yadda ake riƙe raket. Cikin 1953 Charity ya kai shi wurin Dakta Robert Walter Johnson, wani likita baƙar fata a garin Lynchburg, wanda ya gina fili a bayan gidansa da kuɗin aljihunsa, yana tara yara kowane dogon hutu yana ciyar da su yana horar da su. Shi ne ya taimaki Althea Gibson, baƙar fata ta farko da ta ci Wimbledon cikin 1957. A gidan likitan yara su ke share fili, su yi noman lambu, sa'an nan a yi wasa. Da farko Arthur ya yi taurin kai, yana ganin koyarwar gidan ta saɓa wa ta malaminsa na farko. Sai da uban ya tuƙo mota ya zo ya ba shi zaɓi, ko ya bi umarni ko ya tattara kayansa. Ya zauna.

Darasin da ya fi shiga jikinsa a gidan nan na hali ne. A gasar yara ba alƙali, ɗan wasa shi ke faɗin ko ƙwallo ta faɗi ciki ko waje. Dakta Johnson ya kafa wa yaransa doka cewa duk ƙwallon da ta faɗi kusa da layi a bar wa abokin karawa, ko da an san waje ta faɗi. Ba gardama, ba jefar da raket, ba ɓata fuska. Dalilinsa a fili yake: masu shirya gasa suna neman 'yar hujja ko yaya take don su rufe wa yaran baƙar fata ƙofa, ba zai ba su ita ba. Dabara ce mai kyau a zamaninta, amma tana da tsada. Yaron da aka koya wa haɗiye fushi tun yana shekara goma, shi ne daga baya wasu 'yan'uwansa baƙar fata suka riƙa zargi da sanyin jiki da neman yardar Turawa.

Richmond ba ta iya ɗaukarsa ba. Filayen Byrd Park na Turawa ne, ba a kuma yarda ya kara da yaransu. Saboda haka cikin 1960 aka tura shi St. Louis, wurin wani malami mai suna Richard Hudlin, ya ƙare sakandare a can. Daga nan ya sami gurbin karatu kyauta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Cikin 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin 'yan wasan Amurka na gasar ƙasashe ta Kofin Davis, cikin 1965 ya zama zakaran jami'o'in ƙasar, cikin 1966 kuma ya karɓi digirinsa a fannin harkokin kasuwanci ya shiga soja. Ƙanensa Johnnie, wanda ya riga ya yi zango guda a yaƙin Biyetnam, ya nemi a mai da shi karo na biyu don kada a tura yayansa. Ba a cika ambaton wannan sadaukarwa ba idan ana lissafin nasarorin Ashe, alhali kuwa ita ta ba shi damar zama a gida yana wasa.

Shekarar 1968 da Abin da Ya Biyo Baya

Kafin 1968 duniyar tanis ta kasu biyu. Akwai 'yan wasan sha'awa, waɗanda aka ce ba sa karɓar kuɗi, su kaɗai aka yarda su shiga manyan gasa. Akwai kuma waɗanda suka mai da wasan sana'a, aka hana su shiga. Tsarin ya dace da ɗan attajiri wanda ba ya bukatar albashi, ya kuma haifar da munafunci, domin ana miƙa wa manyan 'yan sha'awar kuɗi a ɓoye. A wannan shekara aka rushe shingen. Ashe, yana laftanar na soja, ya ci gasar Amurka ta farko da aka buɗe wa kowa, inda ya doke Tom Okker ɗan ƙasar Holan a turmi biyar: 14-12, 5-7, 6-3, 3-6, 6-3. Da yake har lokacin yana cikin rajistar 'yan sha'awa, kyautar dala 14,000 ta tafi ga wanda aka kayar, shi kuwa zakara ya tashi da kuɗin guzuri na dala 20 a rana.

Shekarar da ta biyo, watau 1969, shi da abokansa biyu, Charlie Pasarell da Sheridan Snyder, suka kafa ƙungiyar tanis ta yara mai suna National Junior Tennis League. Tunanin da ke bayanta mai sauƙi ne. Idan yaro ba zai iya shiga kulob ba, to a ɗauko wasan a kai masa filin gwamnati da ke unguwarsu, a ba shi aron raket, a haɗa shi da tsararrakinsa rukuni-rukuni suna karawa, maimakon a tsaya sai ya yi shekaru yana biyan malami. Ashe ya lura cewa yaran unguwannin talakawa suna tururuwa zuwa ƙwallon kwando ne saboda ita ce a kusa, kuma ba ta neman kuɗi, ya kuma yi imanin cewa da tanis zai matso haka, da an ga abin mamaki. Ƙungiyar ta bazu a biranen Amurka, daga baya ta koma ƙarƙashin hukumar tanis ta ƙasar, aka ƙara mata darasin karatu, har aka shigar da kalmar koyo cikin sunanta.

A ɓangaren manya ma bai zauna ba. Ya ci gasar Ostareliya cikin 1970. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasan sana'a ta ATP cikin 1972, ya kuma zama shugabanta cikin 1974. Cikin 1973 'yan ƙungiyar 81, har da shi, suka ƙaurace wa Wimbledon saboda dakatarwar da aka yi wa ɗan'uwansu Nikola Pilić na Yugoslabiya. Tun daga lokacin hukumomi suka gane cewa ba za su ƙara juya 'yan wasa kamar waina ba.

Ashe a Afirka

Cikin 1970 gwamnatin Amurka ta turo shi tare da Stan Smith rangadin ƙasashen Afirka, ciki har da Kenya da Tanzaniya da Zambiya da Yuganda da Nijeriya da Gana, suna wasan nuni suna koya wa yara. Ya dawo cikin 1971, a wannan karo zuwa ƙasashen da Faransa ta raina. A Yawunde ta Kamaru aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Yannick Noah, ɗan wani tsohon ɗan ƙwallon ƙafa. Suka ɗan buga, Ashe ya ga abin da ya gani, ya ba yaron raket, sa'an nan ya tuntuɓi Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa a kan maganarsa. Aka ɗauki yaron zuwa makarantar horo a birnin Nice. Cikin 1983 Noah ya ci gasar Faransa, wadda ita kaɗai ce babbar gasar da ta gagari Ashe. Abin da Ron Charity ya yi masa a Brook Field shi ya yi wa wani a Yawunde. Sai dai labarin yana da wani gefe da ya kamata mai karatu ya lura da shi: sai da aka fitar da yaron daga Kamaru kafin ya zama wani abu, kuma da tutar Faransa ya ci kofin.

Afirka ta Kudu ita ta fi ba shi wahala. Ya nemi biza cikin 1969 gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi, ya sake nema aka sake hanawa, ya kuma yi ta fafutuka har aka fitar da ƙasar daga Kofin Davis cikin 1970. Cikin 1973 aka ba shi izinin shiga. Ya gindaya sharaɗin cewa ba za a raba 'yan kallo bisa launi ba a wasanninsa. Ya kai wasan ƙarshe Jimmy Connors ya doke shi, amma shi da Okker suka ci na 'yan bibbiyu. Ya shiga Soweto ya koya wa yara wasa, ya kuma taimaka aka gina cibiyar tanis a can wadda ke ɗauke da sunansa. Ba kowa ya yi murna da zuwan ba. Ɗalibai da 'yan gwagwarmaya da dama sun gaya masa a gaban idonsa cewa gwamnati ta yi amfani da shi ne don ta wanke fuskarta a idon duniya. Suna da gaskiyarsu, kuma shi ma daga baya ya koma cikin masu kiran a ƙaurace wa ƙasar gaba ɗaya. Cikin Janairu 1985 'yan sanda suka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancinta a Washinton.

Zuwansa Nijeriya da aka fi tunawa shi ne na Fabrairu 1976, lokacin da aka kawo wata gasar ƙwararru kulob ɗin tanis na Ikko, shi kuma yana riƙe da kambun Wimbledon. Ana cikin gasar, ran Juma'a 13 ga wata, Laftanar Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa suka kashe Shugaban Ƙasa, Janar Murtala Muhammed. Ƙasa ta shiga makoki, ana kuma zargin Turawan Yamma da hannu a cikin lamarin. Bayan ɗan tsaiko aka ci gaba da gasar. Ran Litinin 16 ga wata, Ashe yana karawa da Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe, sai sojoji suka shigo fili suna faɗa a kan yadda za a riƙa wasa alhali ana zaman makoki, ɗaya ya ɗora wa Ashe bakin bindiga a baya aka fitar da shi hannu a sama, 'yan kallo suka watse. Ofishin jakadancin Amurka ya yi ɗawainiyar fitar da 'yan wasan daga ƙasar, aka ƙarasa gasar daga baya a Karakas ta Benezuwela. Abin da sojojin suka yi ba shi da kyan gani, amma waɗanda suka ga ya dace a buga ƙwallo kwana uku da zubar da jinin Murtala su ma ba su san halin da zukatan jama'a ke ciki ba.

Wimbledon, 1975

A koma baya kaɗan, zuwa ran 5 ga Yuli, 1975, domin ita ce ranar da masu bin tanis ba sa gajiya da labarinta. Ashe yana gab da cika shekara 32, ana ganin rana ta fara yi masa yamma. Connors kuwa yana da 22, shi ne na ɗaya a duniya, shi ke riƙe da kofin, ya kuma iso wasan ƙarshe ba tare da ya rasa turmi ko guda ba. Ga kuma gaba a tsakaninsu, domin Connors ya kai shi kotu bisa zargin ɓata suna, bayan Ashe ya soke shi da rashin kishin ƙasa saboda ƙin buga Kofin Davis. Ashe ya shigo fili sanye da rigar 'yan wasan Amurka ta wannan kofi, kowa ya san da wa yake.

Shi mutum ne mai bugu da ƙarfi, amma ya san Connors da ƙarfin abokin karawa yake cin abinci: iya zafin da ƙwallo ta zo masa, iya zafin da za ta koma. Saboda haka shi da abokansa suka zauna daren jajibere suka tsara wata hanya dabam. Ya riƙa aika masa ƙwallo a sanyaye, ƙasa-ƙasa, tana zamewa a kan ciyawa, yana jan shi can gefen fili da bugun farko, idan kuma ya matso raga sai ya ɗaga masa ita ta bayan kai. A lokacin hutu yakan zauna ya rufe ido shiru, ba ya ko motsi. Kafin Connors ya farga an ci shi turmi biyu, 6-1, 6-1. Ya farfaɗo ya ci na uku 7-5, ya ma fara jan gaba a na huɗu, amma Ashe bai saki dabararsa ya koma tsohon hali ba, ya ƙare da 6-4. Haƙurin nan da aka dasa masa a bayan gidan Dakta Johnson, wanda aka daɗe ana yi masa gori a kai, ran nan ya biya shi. Ba da daɗewa ba Connors ya janye ƙararsa.

Fili da Laburare

Wanda ya kashe ƙarfinsa wajen jawo yara fili, sai ga shi cikin Fabrairu 1977 ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridar New York Times yana kiran iyaye baƙar fata da su tura 'ya'yansu laburare. Hujjarsa ita ce guraben cin abinci da wasa 'yan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da miliyoyin yaran da ke mafarkinsu, kuma al'ummar da ta cika fili da 'yan wasa ta rasa likitoci da lauyoyi da injiniyoyi ta yi hasara. Ana iya ganin kamar ya yi tufka da warwara. Amma a wurinsa raket ƙugiya ce ta jawo yaro, idan ya zo sai a miƙa masa littafi. Wanda ya zama zakara falillahil hamdu, sauran kuma su tafi da lafiyar jiki da tarbiyya da takardar makaranta. A cikin watan nan ne kuma ya auri Jeanne Moutoussamy, mai sana'ar ɗaukar hoto, Andrew Young, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗaura auren.

Shi kansa ya bi shawarar da ya bayar. Da ya nemi cikakken littafi a kan tarihin 'yan wasa baƙar fata na Amurka ya rasa, sai ya ɗauki masu bincike, ya zuba kuɗinsa, ya yi shekaru yana aiki, har cikin 1988 ya fitar da A Hard Road to Glory, mujalladi uku.

Rashin Lafiya da Rasuwarsa

Cikin Yuli 1979 ciwon zuciya ya buge shi a Niyok, jim kaɗan da gama koya wa yara wasa. Aka yi masa tiyata cikin Disamba, ya yi ritaya cikin Afrilu 1980. Ya shugabanci 'yan wasan Amurka na Kofin Davis daga 1981 zuwa 1985, suka ci kofin cikin 1981 da 1982, ko da yake ya sha fama da John McEnroe, wanda halinsa a fili ya yi hannun riga da duk abin da aka koya wa Ashe. Cikin 1983 aka sake yi masa aikin zuciya, aka ƙara masa jini. A lokacin ba a fara gwada jini don gano ƙwayar cutar ƙanjamau ba, likitocinsa kuma sun tafi a kan cewa ta nan ya kamu. Sai cikin 1988, da hannunsa na dama ya mutu aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, aka gano cutar.

Shi da matarsa suka rufe maganar, musamman don 'yarsu Camera, wadda suka ɗauka riƙo cikin 1986, a zamanin da ake gudun mai wannan cuta kamar kuturu. Cikin Afrilu 1992 jaridar USA Today ta tuntuɓe shi da labarin, ya ga ba makawa, ya kira 'yan jarida ran 8 ga wata ya faɗa da bakinsa. Bai ɓoye ɓacin ransa da yadda aka tilasta shi ba. Watanni goman da suka rage masa ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, aka sake kama shi cikin Satumba a gaban fadar shugaban Amurka yana zanga-zanga a kan yadda ake korar 'yan gudun hijirar Haiti, ya kuma yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ran 1 ga Disamba. Ya rasu ran 6 ga Fabrairu, 1993, a Niyok, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 49. An ajiye gawarsa a gidan gwamnan Bajiniya, Douglas Wilder, wanda shi ma baƙar fata ne, dubban mutane suka zo ban kwana, sa'an nan aka binne shi kusa da mahaifiyarsa a Richmond.

Cikin 1996, bayan doguwar taƙaddama, birnin da ya hana shi filayensa ya kafa mutum-mutuminsa a titin Monument Avenue, inda aka jera na shugabannin yaƙin kudu. An sassaƙa shi yara na kewaye da shi, littattafai a hannu ɗaya, raket a ɗayan. Tsakanin 2020 da 2021 aka tumɓuke na shugabannin yaƙin duka, nasa ya saura. Cikin 1997 kuma aka buɗe babban filin gasar Amurka a Niyok, mai cin mutum sama da 23,000, aka sa masa sunansa. A kan wannan fili ne cikin 2022 Frances Tiafoe ya doke Rafael Nadal, ya ci gaba har wasan kusa da na ƙarshe, matakin da wani Ba'amurke baƙar fata namiji bai taka ba a gasar tun Ashe cikin 1972. Iyayen Tiafoe 'yan Saliyo ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, mahaifinsa kuwa shi ne mai kula da filayen wata cibiyar tanis a Jihar Maryland, inda yaron da ɗan'uwansa tagwai suka riƙa kwana a wani ɗan ɗaki na cibiyar.